Dokar Sarki da Tukunyar Giya: Abin da Ya Ɓuya a Gidajen Gandu na Kudancin Katsina

A birnin Bamberg da ke arewacin jihar Bavariya ta Jamus, akwai mutanen da abincinsu ke fitowa daga yawo da baƙi a ƙasa. Ja-gora zai tara ayarin 'yan yawon buɗe ido a bakin kogin Regnitz, ya bi da su lungu-lungun tsohon gari, yana tsayawa a gidajen da ake dafa giya yana ba da labarin kowanne, su kuwa suna ɗanɗana abin da gidan ya dafa. Za a kai su Schlenkerla, wanda gininsa ya fito a takarda tun 1405, masu shi kuma har yau a kan hayaƙin itace suke busar da tsiron sha'ir. Za a nuna musu Klosterbräu mai ƙirga asalinsa daga 1533, da Spezial daga 1536, sannan a hau tudun Michaelsberg inda rahiban Kirista suka sami izinin dafa giya a 1122, wurin da yanzu akwai gidan tarihin sana'ar. A farkon ƙarni na 19 gidajen dafa giya a garin sun haura 60, a 1993 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin lura shi ne wannan yawo ya bunƙasa a daidai lokacin da shan giya ke raguwa a Jamus, domin abin da ke faɗa wa kowane mutum a shekara ya kai kusan lita 150 a tsakiyar shekarun 1970, yau kuwa bai cika 90 ba. Ke nan shekarun gidan ake sayar wa baƙo, abin shan rakiya ne.

A ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa ma an daɗe ana dafa giyar dawa, kuma babu dalilin zaton ta fi ta Bamberg ƙuruciya. Amma ba wanda zai iya nuna maka ƙofa ya ce nan ake dafawa tun zamanin sarki wane. Mafi yawan masu jin wannan za su ce dalilin a bayyane yake, Musulunci ya haramta, doka ta hana, shi ke nan. Ni dai ina ganin wannan amsa ta yi gajarta. Tarihin shekara ɗari biyar yana nuna cewa dokokin da aka yi ta kafawa a ƙasar Hausa ba su kashe tukunyar giya ba, wurin zama suka zaɓa mata. Sun fitar da ita daga kasuwa da birni, sun kai ta cikin gidajen gandu na Maguzawa a bakin daji, inda ba magatakarda ba alƙali. Don haka ranta ya rataya a kan ran waɗannan gidaje, kuma ta soma ja da baya ne ranar da su suka soma watsewa, tun kafin kowa ya yi maganar shari'a a majalisar jiha.

Daɗewar sana'ar ba abin gardama ba ne. Littafin Tarihin Kano, da yake lissafa manyan mutanen da ke kewaye da dutsen Dala a zamanin Barbushe, ya ambaci maƙeri da mai magani da mai gadin gari da dare, ya kuma ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya. Marubucin Musulmi ne, amma bai ga dalilin cire sunan ba, domin a al'ummar da yake bayyanawa dafa giya sana'a ce mai shugaba kamar ƙira. Canjin ya zo a ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Muhammad al-Maghili ya sauka Kano wajen 1492, ya kuma ziyarci Katsina. A wasiyyar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya nemi a hana shan giya tare da sauran abubuwan da shari'a ta haramta, amma da ya zo kan waɗanda ba Musulmi ba, abin da ya matsa a kai shi ne kada a bar su su bayyana waɗannan abubuwa a tsakanin Musulmi, a kasuwanni da wuraren zama, don kada masu raunin imani su gani su kwaikwaya. Damuwarsa tana kan idon jama'a. Abin da Bamaguje ya yi a bayan danninsa, nesa da kasuwar gari, hukuma ba ta bi shi can ba, kuma a kan wannan layi aka ci gaba da tafiya ƙarni bayan ƙarni.

A cikin waɗannan shekaru ne su ma sarakunan Jamus suke rubuta tasu dokar. Bamberg ta fitar da tata a 1489, sannan a ranar 23 ga Afrilu 1516, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya Wilhelm na Huɗu da ɗan'uwansa Ludwig suka kafa wadda ta fi shahara: ba a sa komai a giya sai sha'ir da ruwa da furen hop, wani tsiro mai yaɗo mai ɗaci. Jamusawa kan yi alfahari da ita a matsayin dokar tsabta, amma wanda ya karanta ta zai ga yawancinta maganar farashi ce, kuma ta bar alkama ga masu gasa burodi don kada masu giya su tsadar da abinci. Hukumar da ke ƙayyade farashi tana karɓar haraji dole ta san gida da sunan mai shi, dole ta ajiye littafi. Wannan littafin haraji shi ne ja-goran Bamberg yake ci da shi a yau. Dokoki biyu, ta Bavariya da ta al-Maghili, tsakaninsu bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ɗaya ta zaunar da giya a tsakiyar gari ta ba ta takarda, ɗaya ta tura ta ƙauye ta hana ta takarda.

Kudancin Katsina ya dace da wannan turawa fiye da ko'ina. Ita ce ƙasar da ake kira Katsina Laka, mai ƙasa mai nauyi da ruwan sama fiye da na arewa, inda dawa ke yi sosai. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo da Pauwa tsofaffin cibiyoyi ne masu sarautunsu, kuma sunayen suna nan a raye, tunda Sarkin Pauwa shi ne hakimin Kankara, Kogo kuma na Sabuwa. Daga yamma akwai dutsen Kwatarkwashi da tsafin Magiro, daga kudu Sabuwa ta yi iyaka da Birnin Gwari, ƙasar Gwari da Kamuku, waɗanda su ma giyar dawa na cikin al'adarsu. Da jihadi ya zo, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa shan abin da aka haramta cikin laifuffukan sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, birnin Katsina ya faɗi a 1807, Ummarun Dallaje ya hau. Mai hasashe zai ce to a nan ne tukunya za ta fashe. Ba haka aka yi ba. Daular Sakkwato ta ɗauki Maguzawa a matsayin mutanen amana, su biya jizya, su zauna ƙarƙashin shugabanninsu, a bar su da al'adarsu muddin ba su kawo ta gaban Musulmi ba. Akwai hukuncin fiƙihu a cikin wannan, akwai kuma lissafi: su ne manoman da ke cika rumbu, kuma masarautar da Katsinawan Maraɗi ke kai wa hari shekara da shekaru ba za ta kori mai noma mata hatsi ba. Sarkin da ya yi wa Musulmi bulala kan giya shi ne ya karɓi harajin wanda ya dafa ta, kuma a idon malaman zamanin babu saɓani a tsakani.

Sai an duba yadda ake yin giyar kafin a gane me ya sa ba ta bar gini ko suna ba. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a inuwa ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a shanya a rana, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa a manyan tukwane, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, a huce, sannan a zuba ragowar tsohuwar giya don ta tashi. Aikin kusan mako guda ne, yana cin itace da ruwa da ƙarfin hannu. Mai kauri ita ce burkutu, wadda aka tace ta yi ruwa-ruwa kuma fito. Kowacce dai ba ta jimawa: in ta nuna yau, jibi ta zama ruwan tsami. Masu giyar Bamberg sun haƙa ramuka masu sanyi a cikin tuddan garinsu, ga furen hop da ke hana lalacewa, don haka suna iya ajiye ganga watanni, su kai ta wani gari, su sa mata suna. A Laka babu ɗaya daga cikin biyun, abin da aka dafa dole a shanye shi nan take, kuma gida ɗaya ba zai iya shanye randa ba. Wannan ya sa giya ta zama abin taro. Matan gidaje kan raba ranaku don kada biyu su sauke tukunya lokaci guda su kashe wa juna kasuwa, mashaya kuma su bi sawun ranar, yau wannan gida gobe wancan, a ƙasa, ta hanyar gona. Kafin mutum ya saya akan miƙa masa ɗan ɗanɗano a ƙoƙo, in ta yi masa ya zauna, in ba ta yi ba ya wuce gaba. Wato yawon ɗanɗano daga gida zuwa gida da ake biyan kuɗi a yi a Jamus, an yi irinsa a nan, sai dai ba ja-gora, domin kowa ya san gidan da ya iya.

Su wa ke riƙe da sana'ar? Mata. Masu binciken da suka zauna da Maguzawa, daga Joseph Greenberg a ƙauyukan Kano a 1938 zuwa 1939, da Jerome Barkow a ƙasar Zazzau, zuwa Murray Last da ya zauna a wani babban gida kusa da Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, sun bayyana al'umma mai zama a manyan gidaje a tsakiyar gonaki, 'ya'ya maza suna noman gandu ƙarƙashin maigida, mata ba sa kulle, suna shiga gona, suna da gayaunarsu. Dawar da mace ta noma a gayauna, in ta sayar da ita tsaba riba kaɗan ce, in ta juya ta giya kuwa ta sayar da aikin hannunta tare da hatsin, dusar da ta rage kuma dabbobi su ci. Daga nan awaki ke fitowa, da kayan ɗakin 'ya mace. Ita ce takwarar ƙuli-ƙuli da fura da daddawa da matar Musulmi ke yi a cikin kulle tana ba yara talla. A ɓangaren maza kuwa giya ita ce ladan gayya. Maigidan da ke son a yi masa noma ko huɗa a rana ɗaya sai ya sa a dafa, ya kira makaɗa, samarin unguwa su zo, kuma mutumin da ke neman sunan Sarkin Noma, wanda ma'auninsa dami dubu ne, ba zai kai can da hannun gidansa kaɗai ba. Ga biki, ga makoki, ga yanka ga iskoki. Giya tana shiga kowanne, kuma kowanne yana bukatar gida mai mutane da yawa da rumbu mai rara.

Zuwan Turawa bai sauya wannan tsari ba, ƙarfafa shi ya yi, ta hanyar da ta sake haɗa mu da Jamus. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba ƙasashen Turai damar hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Gwamna Lugard kuwa ya riƙe wannan da ƙarfi a Arewa, don ya dace da alkawarin da ya yi wa sarakuna na barin addini yadda yake. A kudu kuwa barasa mai arha daga Hamburg da tashoshin Holan tana sauka jirgi-jirgi, kuma harajinta babban kaso ne na kuɗin shigar gwamnati kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka haɗe Nijeriya a 1914, ɗaya daga cikin dalilan shi ne a toshe giɓin baitulmalin Arewa da rarar kudu, don haka kuɗin kwalbar Bajamushe ya taimaka wajen tafiyar da yankin da aka hana kwalbar shiga. Dokar barasa ta 1917 ta raba ƙasar gida uku, inda aka hana, inda ake sayarwa da lasin, da inda aka taƙaita, kuma mafi yawan Arewa ya faɗa a na farko. Bature na da izinin shan nasa. Masanin tarihi Simon Heap ya nuna yadda jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya zama hanyar fasa-ƙwauri, kuma reshen da ya bi ta Funtua zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu har bakin ƙasar Faskari. Masu kwalba suka sami Sabon Gari da bariki, masu ƙwarya suka ci gaba da zama a ƙauye. Hatta kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa da ya soma aiki a 1960, Musulmi ya ambata a laifin shan giya, bai sa wanda ba Musulmi ba. Layin al-Maghili ne aka sake zanawa da Turanci.

Mai musu zai ce duk wannan tsohon zance ne, abin da ya yanke hukunci shi ne shari'ar da Zamfara ta ƙaddamar a Oktoban 1999 kuma Katsina ta bi a ranar 1 ga Agusta 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'adua. Gaskiya ne an rufe mashaya, an fasa kwalabe, sayar da giya a fili ya zama abin tsoro a garuruwa. Amma waɗanda abin ya fi shafa masu otel ne da dilolin kwalba, kuma cinikin bai mutu ba, ya koma kasuwannin mami na bariki da ƙetaren iyakar jiha. Tukunyar ƙauye kuwa ta riga ta yi rauni shekara talatin kafin nan. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a 1963 zuwa 1965, da wa'azin ƙungiyoyin da suka biyo baya, sun ɗebi gidaje da yawa. Coci ta ɗebi wasu, kuma ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM kuma take da ƙarfi a tsakanin Hausawa Kirista na wannan yanki, ta hana mabiyanta giya da tsananin da bai gaza na masallaci ba. Last ya duba musulunta ta fuskar tattalin arziki, ya nuna cewa zaman Maguzanci yana da tsada, kuma wanda ke son shiga fatauci ya ci abinci da abokan ciniki ya kwana a masaukinsu, sai ya bi addininsu. A lokaci guda gandu yana rushewa, kamar yadda mai bincike Polly Hill ta gani a Batagarawa: saurayi na son gonarsa da kuɗinsa. Shirin bunƙasa noma na Funtua da aka soma da bashin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Kankara, ya yaɗa takin zamani da masara da hanyoyin mota. Makarantar firamare ta kowa da kowa ta 1976 ta ɗauke yara daga gona da safe. Garmar shanu da ɗan ƙwadago mai karɓar kuɗi da yamma suka maye gurbin gayya, daga baya maganin feshi ya rage ma bukatar taron. Idan ba gayya, ba yanka ga iskoki, gidan mutum ɗari ya rabu gida goma, wa za a dafa wa randa?

Akwai abin da ya kamata a sallama wa mai musun. Doka ta yi aiki, amma a kaikaice kuma a hankali. Ƙarnukan da aka yi ana ware mai giya, ba a cin abincin gidansa, ba a ba shi aure, ana kiransa da sunan da ba ya so, su suka sa barin ta ya zama kuɗin shiga gari. Wannan nauyi na gaske ne. Sai dai nauyin ya daɗe yana nan ba tare da ya karya komai ba, muddin babban gida na iya ciyar da kansa ya aurar da 'ya'yansa a cikin danginsa. Ya soma karyawa ne da gidan ya daina wadatar da mutanensa.

Dawar kanta ba ta rabu da giya ba, hanya ta sauya. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, duka ana amfani da tsiron sha'ir da ake shigowa da shi daga waje. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara na gida, kuma irin gajeruwar ƙaura da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar ya shiga cikin waɗanda suka karɓu wajen yin tsiro. Tun daga nan masu giya suka zama cikin manyan masu sayen dawar Arewa. Manomin da ya kai buhunsa kasuwar Sheme ko Dandume ba ya tambayar dillali inda tirela za ta sauke, kuma ba a ɗora masa tambayar ba. Abin da ya sauya shi ne inda ribar juyawa take zama. Da tana hannun matar da ta jiƙa ta dafa a bayan ɗakinta, yanzu tana littafin kamfani a Legas.

Musu na biyu ya fi nauyi a wurin mai karatu Musulmi: abin da Allah ya haramta, mene ne amfanin tono tarihinsa, kuma ba yabo ba ne a fakaice? Haramcin a sarari yake, wannan rubutu bai taɓa shi ba, kuma ɓarnar giya ba ƙage ba ce. Ta cinye hatsin da ya kamata ya kai gida damina, ta haddasa faɗa a wurin biki, ta mai da magidanta mabarata, kuma matan da suka ci ribarta su ne sau da yawa suka sha dukan mashayi. Wanda zai rubuta tarihin dole ya rubuta wannan ma. Amma malaman Musulunci ba su taɓa ɗaukar rubuta abu a matsayin halatta shi ba. Da haka ne, da ba a adana labarun jahiliyyar Larabawa ba, da marubucin Tarihin Kano ya share Bugazau, da Shehu bai tsaya lissafa al'adun Haɓe ɗaya bayan ɗaya ba. Kuma akwai amfani na kusa. Wanda ya ɗauka cewa doka ce ta kawar da burkutu zai ɗauka doka kaɗai za ta kawar da abin da ya biyo bayanta, alhali an hana maganin tari mai kodin a 2018, ga tiramadol ga sholisho, kuma masu shan su yawanci 'ya'yan gidajen da ba a taɓa dafa giya ba ne. Giyar gandu, da dukan illarta, ana shan ta ne a gaban dattawa, a ranar da aka sani, da ƙarfin da bai wuce na dawa ba. Ƙwaya kuwa a aljihu take. Ban kawo wannan don fifita wani haram a kan wani ba, sai don a ga cewa tsarin zaman jama'a shi ke riƙe da linzamin maye, kuma tsarin ne ya kwance.

Abin da musulunta da kasuwa suka soma a hankali, 'yan bindiga sun gaggauta shi. Kankara da Faskari da Sabuwa na cikin ƙananan hukumomin da ke bakin daji, kuma duniya ta ji sunan Kankara a ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Kankara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya. Gidan da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar gona, da rumbuna da garke, wanda nisansa da gari ya kare al'adarsa ƙarni biyar, shi ne ya fi sauƙin kai wa hari, ko na Musulmi ne ko na Kirista ko na mai bin addinin kaka. Mutane da yawa sun koma Funtua da Malumfashi da hedikwatocin ƙananan hukumomi, wuraren da ba a kafa tukunyar giya, ba a kuma son a san an taɓa kafa ta.

Ba wanda zai shirya yawon ɗanɗano a Faskari, kuma ba shi ake nema ba. Aikin da ke gaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma da ta Ahmadu Bello, ya fi wannan sauƙi ya kuma fi shi gaggawa. A ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin kimanta haraji na gundumomi, inda joji-jojin Turawa suka ƙirga masu biya, suka raba Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka lissafa sana'o'i. Waɗannan za su ba da ƙashin bayan lissafi. Sauran yana bakin mata: mudu nawa ke shiga tukunya, wace dawa ta fi, yadda ake raba ranaku, nawa ake samu a kan tsaba, me aka saya da shi, da wace sana'a aka kama bayan an bari. Amsoshin za su faɗi abubuwa da yawa game da farashin hatsi da dukiyar mata da zaman Musulmi da maƙwabtansu, fiye da abin da za su faɗa game da giya. Yarinyar da ke da shekara ashirin tana taya uwarta tace tsiro a 1970, lokacin da Last ke zaune a ƙasar Malumfashi, yanzu ta haura saba'in.